Jitar Direban Burodi

Kawuna bai taɓa son kiɗa ba. Na faɗa tun farko don kada wani ya zaci tsufa ne ya tono masa wata baiwa da ta daɗe a binne. Ƙarfinsa duka a tuƙin motar burodi ya ƙare, kuma abin da yake saurara a rediyon motar labarai ne kawai, su ma don ya sami wanda zai ƙaryata. Ko tafi bai iya ba. In ana tafi a taro, nasa yakan iso ne bayan kowa ya zauna. A hannunsa na girma tare da 'ya'yansa, don haka ina da bakin magana.

Bayan ya ajiye tuƙi, matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ta tashi, amma hannun dama ya ƙi, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Matar da a da in ta fara yi wa Kawu faɗa sai maƙwabta sun rage muryar talabijin don su ji da kyau, ita ce ta koma zama a kujerar falo tana kallon ƙofa. Likita ya ce a riƙa yi mata hira, a sa mata abin da take so, wataƙila harshen ya kwance. Kawu ya yi hira har ta ƙare masa, Inna ba ta ce uffan ba. Abin ya ci shi ƙwarai, har ya rame.

Abu ɗaya take yi. Da yamma ta yi, sai ta fara rera wani sauti ta hanci, baki a rufe, a hankali, tana jan sa kamar mai lallashin jariri. Kullum shi ne, ba ya sauyawa. Mun tambayi dangi, babu wanda ya san waƙar. Mun gwada ɗauka a waya, amma da ta ga an kusanto da ita sai ta yi tsit ta harare mu.

Kawu kuwa ya yanke nasa hukuncin. Wai wani tela da ya riga shi neman ta ne ya rera mata ita.

Na ce, "Haba Kawu, mutumin nan fa ya rasu tun ba a haife ni ba."

"To rasuwar ta hana shi? Ga shi nan a falona kullum da yamma."

Ya ce zai koyi waƙar, ya kaɗa mata fiye da yadda telan ya yi, a ga ko ba za ta buɗe baki ba. Dalilin da ya sa ya zaɓi jita shi ne ya gan ta rataye a shagon kayan gwanjo, kuma ita kaɗai ce abin kiɗan da ba sai an hura ba. Ni aka ɗora wa aikin raka shi, saboda ni ce wadda ba ta iya cewa a'a a gidan.

Malamin jitar wani siriri ne mai gilashi, sa'an 'ya'yan Kawu, yana koyarwa a ɗaki ɗaya a saman shagon mai walda. Ba a darasi sai mai walda ya tafi cin abinci, kuma mai waldan mutum ne mai saurin ci. A cikin akwatin jitar Malam akwai wata kyanwa da ke barci, ba a tashin ta, sai dai a jira. In kyanwa ta tashi mai walda ya dawo, in mai walda ya fita kyanwa ta kwanta. Mun sha zuwa mu zauna mu uku muna kallon dabba har lokaci ya cika, Malam ya ce, "Yau mun koyi haƙuri, Baba," Kawu ya yi godiya mu sauko.

Ranar da aka dace aka fara, sai aka yi karo a kan farce. Kawu yana da dogon farce a ƙaramin yatsa wanda ya yi shekaru yana kiwo don sosa kunne. Malam ya ce sai an yanke. Kawu ya ce yatsun nan biyar ne, a yi aiki da huɗu mana, ai mota ma da taya huɗu take tafiya, na biyar ajiya ne. Farcen ya tsira.

Sauran duk irin haka ne. Kafin ya taɓa tsirkiya sai ya duba hagu ya duba dama. In zai sauya yatsu sai ya tsaya cak, ya taka ƙasa da ƙafar hagu, sannan ya ci gaba.

"Baba, me ya sa kake tsayawa?"

"Giya nake sauyawa, Malam. Kana so in lalata maka kaya?"

Babbar matsalar dai ita ce waƙar kanta. Malam ya ce Kawu ya rera masa don ya gano ta a kan jita. Kawu ya gyara murya ya saki wani abu kamar firji ya tsufa. Malam ya sha wahala ya haɗa shi ya zama kiɗa. Mako na gaba Kawu ya saurara ya ce sam ba haka ba ne, ya rero wani daban. Haka aka yi ta yi, Malam yana tara waƙoƙin da babu wanda ya taɓa jin su a duniya, Kawu yana komawa gida ya karce wa Inna su, ita kuma tana kallon ƙofa kamar ba ya nan. Ni da na ce bari in taimaka, Kawu ya ce in yi shiru, ba ni da kunne. Na ji haushi, har yau ma ina ji.

Daga ƙarshe Malam ya gaji ya ce a kai shi ya ji da kansa. Ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaida Inna, ya zauna a gefe da jitarsa. Can sai ta fara. Malam ya lumshe ido yana bin ta a hankali da tsirkiya ɗaya. Sai na ga ya buɗe ido. Ya sake bi, ya ɗan ƙara sauri. Ya kuma ƙarawa. Ni da babbar 'yar Kawu muka kalli juna, don a take muka gane abin da muka girma muna ji.

Malam ya cire gilashi ya goge. "Baba, wannan ba waƙar tela ba ce. Kukan ribas ne. Irin ɗan kiɗan nan da mota ke yi in tana baya-baya."

"Wace motar?"

"Taka mana, Baba!" in ji 'yarsa. "Kullum da yamma in kana shigowa da ita."

Kawu ya rantse bai taɓa ji ba, kuma gaskiyarsa ne. Na'urar a can baya take, shi yana gaba, gilashi a rufe, inji na ƙara, yana musu da mai karanta labarai. Mu ma da muka san kiɗan ba mu gane shi ba, don Inna ta ja shi ta yi masa taushi har ya zama kamar waƙar soyayya. Kawu ya dubi Inna. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Ashe ni ne telan."

Malam ya ce a rayuwarsa bai taɓa zaton zai koyar da kukan ribas ba, kada mu faɗa wa kowa. Amma ya koyar, a tsirkiya ɗaya, da yatsa ɗaya, har mai walda ya haddace yana yin sa da fito a ƙasa. Da Kawu ya iya, ya yi wanka ya sa turare, ya zauna a gaban Inna ya kaɗa daga farko har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya. Ta leƙa ta gefen kafaɗarsa ta ci gaba da kallon ƙofa. Washegari ma haka, jibi ma haka. Na ga Kawu ya jingine jitar a bango, na ji tausayinsa har na kasa tsokanar sa.

Wata rana da yamma ina shanya a tsakar gida sai na gan shi ya ɗaura wa jitar igiya ya rataya a wuya, ya fice har bakin get. Na ce, "Kawu, ina zuwa?"

"Matsa daga hanya, yarinya. Kin taɓa ganin an yi ribas ana fuskantar mutum?"

Ya juya wa gidan baya. Ya duba hagu, ya duba dama, ya fara kaɗawa, ya soma tahowa da baya, tsoho da furfura, yana jan silifas. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya take bokitina, ya gogi tukunyar fulawa, bai daina kaɗawa ba. Ƙofar falo a buɗe take, kuma yadda ya nufo ta, bango zai doka.

Sai na ga hannun hagun Inna ya ɗaga yana yafito shi.

"Ta... taho."

Muryar a shaƙe take kamar ta wani, amma tata ce. Na toshe bakina da rigar da ke hannuna.

"Taho. Hagu. Hagu na ce, kurma! Taho... taho... ya isa."

Kawu ya tsaya a tsakiyar falo, bayansa na kallon ta. Bai juyo ba. Ya share fuska da hannun riga, ya ja hanci.

"Ban daidaita ba," in ji shi. "Bari in fita in sake shigowa."