Gida Mai Ƙofa Biyu

Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka ya san ba a ɗora tukunya sai an fita ta ƙofa. Wallahi ba ƙari na yi ba. To, na ɗan yi, amma kaɗan. Kakana, mahaifin Mama, wanda kuka sani da Baba Landan, sai ya hau kujerarsa mai ƙafa uku da bulo ɗaya, ya buga sanda a ƙasa, ya ce, “Majalisa ta zauna! Masu son tuwo, ƙofar gaba. Masu son makaroni, ƙofar baya.” Sai kowa ya miƙe ya fita ta inda ya zaɓa, ni kuma in tsaya a tsakar ɗaki ina ƙirga kawuna. Ni ce Bulala. Tun ina ’yar shekara bakwai ya naɗa ni, wai a majalisar Ingila akwai mai wannan muƙami, aikinsa kora mutane zuwa ƙofar da ta dace. Sunana Hanan, amma a bakinsa ban taɓa jin sa ba. In yana jin daɗina ni ce Amarya, in ana shari’a ni ce Bulala.

Ga inda maguɗin yake. Ƙofar gaba kan lungu take buɗewa, ƙasa a shimfiɗe, ga inuwa. Ƙofar baya kuwa gangaren dutse ne, a gindinsa kuma ga bunsurun maƙwabciyarmu Hajiya Ta-Sakkwato, dabbar da ta tsani ɗan Adam tun daga Annabi Adamu. Kuma kullum, kullum, abin da Baba yake so shi ke samun ƙofar gaba. Haka muka yi shekaru muna cin tuwo da miyar kuka a tsakiyar Makka, ana soya kaji a kowane shago.

Ran nan Kawu Sale, ƙanen Mama, ya gaji. Ya ce, “Ya Baba, wannan ai zalunci ne.”

“Zalunci? Na kulle maka ƙofa? Ga ta can a buɗe. Mai son makaroni da gaske ba ya tsoron bunsuru.”

Kawu ya naɗe jallabiya ya fita ta baya. Muka ji “dam”, muka ji “wayyo”, muka ji Hajiya Ta-Sakkwato tana cewa, “Kai Sale, mi ya kawo ka?” Ya dawo takalmi ɗaya a ƙafa, jallabiya a yage har gwiwa. Baba ko murmushi bai yi ba. Ya ce, “Bulala, sanar da majalisa: mutum ɗaya ya fita, rabinsa ya dawo. Tuwo ya ci.”

A ina ya samo wannan al’ada? A wurin Maigida. In kun zauna da Baba minti biyar, kun san Maigida. Bature ne, ɗan gidan sarauta, wanda ya zo ƙasar Katsina yana saurayi a matsayin Di’o, ya ɗauki Baba kuku. Mutanen gari suka sa masa Dogo Mai Lema, don ko a cikin ofis lemarsa na rataye a hannu. Sunansa na ainihi kuwa, kullum da yadda Baba ke faɗinsa, har na daina tambaya. An haife shi a gida mai ɗaki arba’in. In Baba ya sha shayi kofi biyu, ɗakunan su zama tamanin. Ranar sallah sun taɓa kai ɗari uku.

Wata rana waya ta zo cewa mahaifinsa ya mutu, ya gaji sarautar gidansu, har da kujera a majalisar masu sarauta a Landan. Ya tattara ya koma, ya tafi da abu biyu: lemarsa da Baba. Shekara bakwai Baba ya yi a can yana dafa masa dankali. Sau ɗaya ya kai masa abinci majalisar, aka bar shi ya leƙa daga sama.

“Amarya, dattawa ne reras a kan jajayen benci, rabinsu na barci. Ana kaɗa ƙararrawa sai su farka, su miƙe, wasu su bi wannan ƙofa, wasu su bi waccan. Ba zagi, ba dambe. Na ce a raina, in Allah ya ba ni gida, haka za a yi.”

“Da bunsurun da komai?”

“Bunsurun gyara ne da na ƙara.”

An yi Maigida ƙaramin ministan kifi, mutumin da ko warin kifi ba ya so. Da gwamnati ta ce za ta rufe wata ’yar tashar masunta, ya ce bai yarda ba, ya ajiye aiki. Aka dawo da shi kan harkar itatuwa, aka ce za a sare wani daji, ya sake ajiyewa. Karo na uku, in ji Baba, tun kafin a gama naɗa shi ya ajiye. Kuma a iya sanin Baba, bai taɓa bin ƙofar da ta yi nasara ba. Sai ya dawo gida, ya rataye lema, ya ce da Hausarsa ta hanci, “Kuku, an kayar da mu. Kawo shayi.”

Daga nan Baba ya samo kirarinsa. Gishiri ya yi yawa a miya: “Maigida ya ajiye aiki a kan abin da bai kai wannan ba!” Ƙanena Basil ya ɓoye masa carbi: “Maigida ya ajiye aiki a kan abin da bai kai wannan ba!” Ran nan na kira shi kaka da Larabci, na ce, “To ya Jaddi, kai ma ka ajiye mana, mu huta.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ta yaya zan ajiye aiki ina hutu?”

Ashe da gaske yake. Da Baba ya ce yana son sauke farali, Maigida ne ya biya masa jirgin ruwa, ya ba shi hutun wata uku. Baba ya zo, ya ga Ɗakin Allah, ƙafarsa ta ƙi juyawa. Bai koma ba, bai kuma aika ya ce ya bar aiki ba. Ya zauna ba iƙama, wato takardar zama, ba komai, ya auri kakarmu marigayiya, ya sayar da tsire, ya yi dakon kayan alhazai, ya ɗora bulo kan bulo a kan dutsen nan har ya zama gida. Amma shi a lissafinsa hutu yake. Shi ya sa a gida ko ƙwai ba ya soyawa. Kukun da ya ciyar da ministoci! Mama na fama da albasa, hawaye shaɓe-shaɓe, shi yana daga kujera yana cewa, “Ba haka ake riƙe wuƙa ba.”

“To zo ka nuna min, Baba.”

“Hutu nake, ’yar nan. Doka ta hana.”

Maigida ba shi da halin zuwa Makka ya kamo shi, kun san dalili. Baba kan yi dariya ya ce nan ne kaɗai Ingila ba ta iya aiko masinja. Amma Dogo Mai Lema ya samo dabara. Duk shekara sai ya nemi wani alhaji daga Ingila, galibi ɗan Pakistan, ya ba shi gwangwanin ganyen shayi da ’yar takarda. Kwatancen da Baba ya taɓa aika masa ɗaya ne: a hau dutsen Nakkasa, a tambayi gida mai ƙofa biyu. Sai ka ga bawan Allah ya iso yana haki, ya miƙa gwangwani. Abin da ke takardar ba ya canzawa: “Kuku, hutun ya ƙare?” Baba kuma ya ce wa ɗan aike, “Ka ce masa saura kaɗan.”

Wata shekara, tun kafin a haife ni, gwangwanin bai zo ba. Bai sake zuwa ba. Kowa ya san ma’anar wannan, Baba ma ya sani, don shi da bakinsa yake ba da labarin wai a kan jan bencin nan Maigida ya cika, aka ɗauka barci yake har aka kaɗa ƙararrawa. Duk da haka, da watan aikin hajji ya kama, sai ya sa in fitar masa da kujera bakin ƙofar gaba, ya zauna yana kallon masu hawowa. In na tsokane shi na ce wa kake jira, sai ya ce iska yake sha. Iska, a Makka, da azahar!

Sai bara aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti. Za a rushe layinmu. Kawu Sale ya samo mana gidan haya a unguwar Ka’akiyya, ya ce mu tashi tun da sauran mutunci, kafin motar rusau ta zo ta same mu da tukunya a wuta. Baba ya ce ba inda za shi.

Mama ta ce, “Baba, don Allah. Ba ka da takarda. In suka zo da jami’ai suka same ka a nan, jirgi za su sa ka. Kana so ka mutu a wani wuri bayan duk shekarun nan?”

Ya ce, “In aka aiko, ina za a same ni?”

Kwana uku ba ya cin abincin kirki, Mama na kuka a kicin. A rana ta huɗu da hantsi ya hau kujera, ya buga sanda. Na riga na san yadda za a yi: zama zai samu ƙofar gaba, tashi ya samu bunsuru, ni kuma in kora kowa inda yake so kamar kullum.

Ya ce, “Majalisa ta zauna. Masu son a tashi, ƙofar gaba. Masu son a zauna, ƙofar baya.”

Na ce, “Ya Jaddi, ka juya su.”

“Bulala ba ta gyara wa shugaba magana. Yalla, mu je.”

Mama ta fita ta gaba. Kawu ya bi ta, Basil ya bi Kawu. Saura ni da shi. Ya miƙe da ƙyar, ya dogara sanda, ya nufi ƙofar baya. Na yi taku biyu zan bi shi, ya ɗaga min hannu ba tare da ya waiwayo ba.

“Amarya, ina kike so a zuciyarki?”

Na ce, “Ina so kada a sa ka a jirgi.”

“To kin san ƙofarki.”

Na fita ta gaba ina kuka kamar an mare ni. Muka zagaya da gudu don kada ya faɗi a gangaren. Muka same shi tsaye a gindin dutse, shi da bunsurun, suna kallon juna. Wallahi dabbar nan ko motsi ba ta yi ba. Ina jin ta gane babba ne ya zo da kansa. Baba ya dube mu, ya gyara hula, ya ce, “An kayar da mu. Kawo shayi.”

Sharaɗi ɗaya ya kafa: a ciro masa ƙofar baya a tafi da ita. Kawu ya yi ta mita, wai mai mota zai ɗauka mun haukace. Haka muka shiga Ka’akiyya, katifu a ƙasa, ƙofa a sama, Baba a gaba rungume da gwangwanayensa. Da ya ga sabon gidan ƙofarsa ɗaya tak, ya ce, “Shi ke nan, mun shigo mulkin soja.” Aka jingine tasa a bangon falo, ba ta kai ka ko’ina. Basil ya ce ai yanzu za a ci makaroni. Aka ci, kwana biyu, ya fita ran kowa.

Wata biyar ya yi a can. Ana saura mako ya rasu, ya kira ni da rana tsaka ya ce in kawo biro da takarda. Na ce Larabci kaɗai na iya rubutawa da kyau. Ya ce ba komai, inda Maigida yake yanzu akwai masu fassara. Ya ce in rubuta: “Ranka ya daɗe, hutun ya ƙare. Ba zan samu dawowa ba. Na ajiye aiki. Shayin yana isowa, na gode. Kukunka.” Ya dangwala yatsa, na naɗe na sa a gwangwani na ƙarshe.

Na ce, “A kan me ka ajiye, ya Jaddi?”

Ya ce, “A kan abin da ya kai.”

A Harami aka yi masa salla, a ƙasar Makka aka sa shi, yadda Mama ta yi masa fata. Gidan Nakkasa yanzu fili ne, ko dutsen an aske rabinsa. In wani ya hawo da gwangwani yana tambayar gida mai ƙofa biyu, ban san wa zai nuna masa ba. Ƙofar dai tana nan a falo. Jiya Mama ta tambaye mu me za a dafa, haka kawai, da baki, kowa ya faɗi nasa yana danna waya. Ba sanda, ba ƙirga. Na tashi na je na dafa ƙofar nan na daɗe a tsaye.

Malaminmu ya ce Aljanna ƙofa takwas gare ta. Ya Allah, ga tsohon mijina nan ya zo, ƙafarsa ba ƙwari, kuma ya riga ya bi ta baya sau ɗaya saboda mu. Ka gafarta masa, Ka yafe masa maguɗin tuwo, Ka buɗe masa ta gaba. Amin.