Makullin Janareta a Aljihun Sai-Na-Auna

A layinsu ba mai kiransa mai gyaran wuta. Sai-Na-Auna ake ce masa, domin ko ƙwan fitila ne ya mutu, amsar da zai ba ka ke nan. Shekara talatin yana wannan aiki, taurin kansa kuwa ya girmi aikin.

Yayarsa na da shagon wanki da ma'aikata mata huɗu. Da ta sayi janareta, mijinta, wanda ya ɗauki kansa injiniya tun da ya taɓa gyara fanka, shi ya haɗa shi da akwatin canji, mai mayar da shago kan janareta in an ɗauke wuta. Tun ranar, duk wadda ta taɓa injin wanki da jiƙaƙƙen hannu sai wuta ta ja ta. Maganin da injiniya ya kawo shi ne kowa ta sa silifas.

Da Sai-Na-Auna ya ji labari ya zo shagon, sai ya ga ruwa kwance a siminti. Ya kashe janareta, ya jefa makullin a aljihu.

"Ƙanena, zannuwan otal na jira," in ji Yaya. "Ka bari sai gobe."

"Yaya, ki zage ni in kin ga dama. Makulli dai yana nan."

Ya buɗe akwatunan wuta da janareta, ya auna. Ashe an haɗe nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da wayar ƙasa mai kariya a wuri biyu, a babban akwatin shago da cikin janareta, alhali akwatin canjin ba ya yanke nutural. Sai wuta ta raba hanya, wata ta bi jikin injuna. Ya cire haɗin cikin janareta, ya ɗaure gangar jikinsa da wayar ƙasa ta shago. Sandar ƙarfen da ke binne a waje, wadda wayar ƙasa ke ɗaure da ita, tsatsa ta cinye ta, don haka ya kafa sabuwa, yana ta dukanta da guduma har la'asar.

Direban otal ya zo ya kwashe zannuwa ba wanki. Yaya ta daina yi wa ƙanenta magana, abin ya yi masa zafi, amma bai ajiye guduma ba.

Da ya gama, ya tayar da janareta, ya sake aunawa. Sannan ya jiƙa hannu ya nufi injin wanki. Yaya ta yi wuf ta cafke rigarsa.

"Kar ka taɓa."

Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen, ya daɗe. Ba abin da ya faru.

"Ni kaɗai kika ji wa tsoro, Yaya, na minti ɗaya," in ji shi. "Ma'aikatanki kuwa su huɗu ne, kullum."