Suna na Ƙarshe a Addu'ar Mama Tela

Bangon da ya raba ɗakina da na Mama Tela sunan bango kawai ya ci. Idan ta yi tari, ni ke ce mata sannu. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, da igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta. Ni kitso nake yi, kuma mai kitso ba ta da dalilin tashi da sassafe, tunda babu macen da ke kawo kai kafin ta sallami yara makaranta. Amma shekara da shekaru ban san daɗin barcin safe ba, saboda addu'ar ɗakin Mama Tela.

Shagonta yana jikin gidan ta bakin titi. Keke biyu ne a ciki, na ƙafa da na wuta, na wutar ya fi zama wurin ajiye almakashi. Akwai teburin yanka, dutsen guga, da buhun ƙyallaye a lungu. Kayan makaranta ne yawancin aikinta. Gajeriyar mace ce mai ƙaramar murya, tef a wuya kullum, har coci sai an taɓa ta an tuna mata ta cire. Mijinta haƙar rijiyar burtsatse yake yi, aiki kan ɗauke shi wata da watanni, don haka renon yara a hannunta ya tsaya. 'Ya'ya mata uku Allah ya ba ta. Babbar muna ce mata Barkono, kuma ba ƙage muka yi mata ba. Ta biyu Shiru, wadda za ta wuni a ɗaki ba ka sani ba. Sai Auta.

Addu'ar tasu ba doguwa ba ce. Waƙa ɗaya, ɗan karatu, sai kowa ya roƙa wa waɗanda yake so. Abin da ya bambanta ta da ta sauran gidaje shi ne ƙarshenta. Kafin a tashi, kowa sai ya ambaci mutum ɗaya da ransa ba ya so, ya roƙa masa alheri. Suna na ƙarshe suke kiran abin. Dokar Mama Tela ita ce ba a kai ƙara. Ba za ka ce Allah ya shirya wane ba, don ta ce wannan zagi ne da ya sa rigar coci. Sai ka nemo wani abu mai kyau takamaimai ka roƙa masa.

Ta bangon nan na san duk maƙiyan yaran. Malamar lissafi ta sha addu'a. Yarinyar da ta karya wa Shiru rula ta samu lafiya da nasarar jarrabawa har na mako biyu. Mai gidan haya kuwa kusan kullum yana ciki. Wata safiya sai na ji muryar Auta tana cewa, "Ya Ubangiji, ka yi wa Anti mai kitso albarka, ka ba ta mutane da yawa, ka sa hannunta ya daina zafi." Ina kwance na ji kamar in buga bango. Ni da nake yi mata kitso kyauta.

Na taɓa yi wa Mama Tela magana a bakin famfo. Na ce wannan ai wahalar da yara ne, yaro ya ƙi wanda ya ƙi, in ya girma ya manta. Ta ce, "Anti, ban ce su ji daɗin abin ba. Na ce su faɗa. In sai ranar da ya yi daɗi za su bi Yesu, ai kwanakin ba su da yawa." Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Auta tana gab da shiga firamare abin ya faru. Akwai tankar da ke kawo ruwa layinmu idan famfo ya ɗauke. Direban yana ja da baya don ya daidaita tiyo, yarinyar ta bi murfin gorarta da ya gangara. Mutane sun yi ihu, bai ji ba saboda ƙarar inji. Motar ta taka ta, nan take ta rasu. Hukuma ta bincika ta ce tsautsayi ne, aka sake shi. Ya zo gaisuwa da dattawa biyu, mijin Mama Tela ya tare ƙofa ya ce su koma. Daga nan aka canza wa direban unguwa, amma bai bar garin ba.

Kwanakin zaman makoki babu addu'ar safe, ɗakin cike yake da dangi. Da aka watse, mijin ya koma bakin aikinsa, sai wata safiya na ji an ta da waƙa. Murya uku maimakon huɗu. Suka yi karatu, suka yi roƙo, aka zo suna na ƙarshe. Na ji Mama Tela ta ce, "Direban tanka. Ka ba shi barci. Ka kiyaye masa 'ya'yansa." Muryarta ko rawa ba ta yi ba, kamar mai faɗin kamun yadi. Shiru ta ce amin. Ban ji amin ɗin Barkono ba.

Ni ma a lokacin ban ga kyan abin ba. Da 'yata ce, Allah ya sani bakin da zan yi wa mutumin nan sai ya bi shi har jikoki.

Haka aka ci gaba. Kullum suna ɗaya, kalma iri ɗaya. Barkono ta fara da ƙin cewa amin, daga baya ta daina ambaton nata sunan, daga baya ta daina waƙar. Ita ce fa mai jan baki a ƙungiyar mawaƙan matasa, muryar da ke sa tsofaffi share hawaye. Ta ajiye rigar ƙungiyar a ƙasan akwati. Ranar Lahadi sai ta ce kanta na ciwo, da aka gaji da tambaya ta daina ma neman dalili. Fasto ya zo har gida. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ruwa, ta saurare shi har ya gama, ta raka shi bakin ƙofa. Lahadin da ta biyo tana gida tana wanki.

Ranar da abin ya fashe, rabin gidan ya ji, ba sai ta bango ba.

"Mama, ke dutse ce," in ji Barkono. "Mutum ya taka miki 'ya, kina roƙa masa barci. Mu da ba ma barcin fa? Ko sau ɗaya ban ga kin yi fushi ba. In haka bin Yesu yake, a kashe maka naka ka ce an gode, ni na sauka. Da na gama jarrabawa zan koma wurin Gwaggo, kuma kada a aiko mini da fasto."

"Na ji," in ji Mama Tela. "Wuce ki taya Shiru ɗebo ruwa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ji haushinta ranar, don yarinya na zame mata tana kallo. Da na shiga shago na faɗa mata haka, sai ta ce ba ta da wata hanyar koyarwa sai wadda ta sani. Ta ce in ta daina ambaton mutumin don Barkono ta zauna, to Barkono za ta zauna ne a kan ƙarya, cewa ana bin Ubangiji iya inda ya yi sauƙi. In kuma ta ci gaba, tana iya rasa Barkono ma. Tana maganar tana zura zare a allura. Sai da ta gwada sau da yawa kafin ya shiga.

Aka shekara a haka. Jarrabawar Barkono ta matso, lokacin komawa makaranta ma ya matso, shago ya cika da yadi. Barkono kan zauna da yamma tana taya ta sa maɓalli, ba don shiri ba, don aiki ya yi yawa. Ni kuma ina kitso a barandar shagon saboda inuwa, shi ya sa na ga abin da ya biyo da idona.

Wata mata da ba mu sani ba ta zo da 'yarta da yadin makaranta a leda. An kwatanta mata shagon ne. Yarinyar za ta shiga aji ɗaya, bakinta ba ya rufuwa. Mama Tela ta durƙusa tana gwada ta, kafaɗa, ƙirji, tsawo, yarinyar na ta zuba. Ta ce an saya mata jaka. Ta ce babanta ne zai kai ta ranar farko, a cikin babbar motarsa ta ruwa, mai shuɗin tanki da hoton kifi a ƙofa. Ta ce babanta ba ya yarda ta tsaya a bayan mota ko da a kashe take.

Duk layinmu babu wanda bai san hoton kifin nan ba.

Tef ɗin yana kan gwiwar yarinyar. Mama Tela ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Miƙe sosai, 'yata," ta ƙarasa awon. Ta faɗa wa matar ranar karɓa. Suna fita Barkono ta miƙe, maɓallai suka watse a ƙasa. Ta ce a bi su a mayar musu da yadinsu, teloli ba su ƙare a garin ba. Mama Tela ta shimfiɗa yadin a tebur ta ɗauki alli.

Riga biyu ce kawai, aikin rabin yini a wurinta. Ta kai mako tana yi. Ta ɗinka ta farke, ta ɗinka ta farke. Na ga ta haɗa hannun riga a juye, ita da take haɗawa tana hira.

Ranar karɓa ba matar ce ta zo ba. Shi ne ya zo, a ƙafa, ya bar motar can wani wuri. Ya tsaya a bakin ƙofa hularsa a hannu, ya rame ya yi furfura. Ya ce, "Mama, matata ba ta sani ba. Sai da ta kwatanta mini wurin. In kin ce a bar kayan, a bar su."

Mama Tela ta ninke rigunan ta sa a leda. Ta ce, "Na bar mata yadi a ƙasan, na naɗe ta ciki. Yara a wannan shekarun saurin tsawo gare su. Idan ta girma a warware."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ya tafi. Ita kuma ta koma kan keke ta ɗora ƙafa, amma keken bai motsa ba. Barkono na lungu tana kallon bayan uwarta. Matar da nake wa kitso ta ce in sassauta, ina ja mata gashi.

Washegari da safe idona biyu tun kafin su fara. Shiru ce ta ta da waƙar, uwar na bi a hankali. Aka yi karatu, aka roƙa wa Baba a inda yake, aka roƙa wa Gwaggo. Shiru ta ambaci wata 'yar ajinsu. Sai layi ya zo kan Mama Tela.

Na ji ta ja numfashi. Ta ce, "Ya Ubangiji," ta tsaya. Ta sake cewa, "Ya Ubangiji." Sai wani sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba, ko ranar jana'iza.

"Na kasa," ta ce. "Ku yi haƙuri, yau na kasa. Kullum da ƙyar nake fito da shi, yau ya ƙi. Tasa tana girma. Na gwada ta da hannuna. Ba na son in roƙa masa komai. Ba na so."

Ana jin wani yana tara ruwa a tsakar gida. Na ce a raina shi ke nan, Barkono ta samu shaidar da take nema.

"Kullum?" Muryar Barkono ce, ƙasa ƙasa. "Kullum da ƙyar?"

"Kullum."

Sannan na ji Barkono ta yi gyaran murya.

"Direban tanka," ta ce, kamar mai tofar da magani. "Ka ba shi barci. Ka kiyaye masa 'yarsa, ta girma har a warware rigar." Ta ja hanci. "Ni dai ban yafe ba. Ka sani, ba sai na ɓoye maka ba. Na karɓar wa Mama ne na yau."

Mama Tela ta ce amin. Da ƙyar aka ji ta.

Barkono ba ta koma wurin Gwaggo ba. Ba ta kuma koma coci a Lahadin nan ba, sai da aka ɗan jima, kuma a bencin baya ta fara zama, fuska a ɗaure kamar an yi mata dole. Rigar ƙungiya ta daɗe a akwati. Amma tun daga safiyar nan sunan ya zama na su biyu. Ba su tsara ba, ban taɓa jin sun yi maganar ba. Idan layi ya zo, wata rana uwar ce, wata rana 'yar. Akan yi ɗan shiru tukuna, kowace na jiran ta ji ko ɗayar za ta iya, sai wadda ke da ƙarfi a ranar ta ɗauka.

Yanzu idon Mama Tela ya yi rauni, Barkono ce ke kan keken, da yaranta biyu da suka gado bakinta. Ɗakin dai shi ne, bangon ma shi ne. Barcin safe na haƙura da shi. Idan aka zo ɗan shirun nan, nakan tsinci kaina na daina juyi a gado, ina jiran in ji wace ce yau.