Akwatin Ƙarshe na Baba Luka

Wani mai jakin albasa ne ya kawo mini labarin. Ya tsaya a ƙofar gidanmu a Bodinga, bai ko sauke kaya ba, ya ce, "Ke ce ɗiyar Luka Kahinta na Shagari? Sai haƙuri. Jiya da hantsi Allah ya yi mai cikawa, kuma an ruhe shi." Ban yi kuka a lokacin ba. Abin da ya fara zuwa bakina, har yanzu ina mamakinsa, shi ne, "To, Yusufu fa?" Mutumin ya dube ni, bai san wa nake nufi ba.

Mahaifina ya zo ƙasar Sakkwato ne daga kudancin Zariya, cikin ma'aikatan da Turawa suka kawo aikin hanyar mota. Akwai 'yan Katolika a cikinsu, kuma da yake ba a ba da izinin gina majami'a a nan ba, sai suka kafa rumfar zana a bayan sansaninsu. Fada, wato limamin Katolika, yakan zo a kan babur sau ɗaya a shekara. Shi ya ce ko rumfa ce, sai ta sami waliyyin da zai tsaya mata, aka zaɓi Yusufu mijin Maryamu na cikin Littafi Mai Tsarki, domin shi ma kafinta ne kamar Baba, kuma ya san zaman baƙunta. Baba ya sassaƙa siffarsa da icen maɗaci, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Fuskar ta fito siririya, har mutane suna tsokanarsa cewa Bafulatanin Kajiji ya sassaƙo musu. Yakan ce, "Ai gara ya yi kama da mutanen garin da zai zauna."

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Duk wanda ya mutu a cikinmu, Baba ne ya yi masa akwatin gawa, har da mahaifiyata. Da aikin hanya ya ƙare, sauran suka tattara suka bi shi gaba, Fada ya daina zuwa. Baba ya ƙi tashi. Ya ce ba zai bar kaburbura ba mai share su. Ya ci gaba da yi wa mutanen gari ƙyaure da allo, su kuma suna kiransa Baba Luka kamar nasu.

Kowace Lahadi yakan buga guntun ƙarfen da ke rataye a bakin rumfa, ya shiga, ya tsaya gaban Yusufu, ya kira sunayen mutanen majami'a ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka tafi da waɗanda suke cikin ƙasa. Bayan kowane suna yakan ɗan yi shiru, kamar mai jiran amsa. Wannan shirun ya tsorata ni tun ina yarinya, kuma har yau in na ji ƙarar ƙarfe da safe sai gabana ya faɗi. Na taɓa ce masa, "Baba, majami'ar nan ai ta watse." Ya ce, "Muddin Yusufu yana tsaye, ba ta watse ba."

Zuwana na ƙarshe daga Bodinga, inda nake aure, na tarar da shi ya rame, yana goge wasu 'yan katakai. Ya ce, "Maryamu, waɗannan kaɗai suka rage mini. Zan yi wa Yusufu akwatin tafiya. In na tafi, ki ɗauke shi ki kai shi inda ake da masu addu'a. Kada ki bar shi shi kaɗai." Na yi masa alkawari.

Da na isa Shagari, rumfar na fara shiga. Gurbin Yusufu ba kowa, sai shatin ƙafafunsa a kan ƙura. Malam Bube, maƙwabcinmu mai makarantar allo, wanda suka tsufa tare da Baba, ya zo ya tsaya a bakin rumfar. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Ɗiyata, ba mu san al'adarku ba, amma mun yi bakin ƙoƙarinmu. Ba mu iske akwati nai ba, sai munka sa mai likkahwani, munka kai shi kusa ga mahaihiyarki. Amma mun iske ɗan akwati sabo gehen gado nai, wanga mutumin ice shina kwance ciki, an naɗe shi da hwarin ƙyalle. Mun san ku cikin akwati kuke bizne naku. Munka ce ai ya shirya shi ne su tai tare. Ni da hannuna na aza shi gehe nai."

Na dubi hannun nan, hannun mutumin da bai taɓa yarda ya taka cikin rumfar ba duk tsawon zamansu, ga shi ya ɗauki abin da addininsa bai yarda da shi ba, saboda amini. Ya ce, "Ko mun yi kuskure?" Na ce, "A'a, Malam. Allah ya saka da alheri."

Ban kai Yusufu ko'ina ba, kuma ba zan sa a tone shi ba. Ranar Lahadi na buga ƙarfen, na tsaya gaban gurbin, na kira sunayen kamar yadda Baba yake yi, na ƙara nasa a ƙarshe. Na yi shirun nan, sai a ranar na gane abin da yake saurare.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Luka, ka gafarta masa, ka ba shi hutawa ta har abada, haske madawwami ya haskaka masa. Ka ba mu haƙuri, ni da 'ya'yana, ka saka wa Malam Bube da mutanen Shagari. Ya Yusufu mai tsarki, Baba ya ce kada in bar ka kai kaɗai. Kai ma kada ka bar shi. Amin.