Ranar da Aka Kira Uwar Ango

Duk Jambutu, unguwarmu a Jimeta, an san ni da baki. Mai kayan miya in ya hango ni na doso teburinsa sai ya gyara tsayuwa, don ya san yau zai sha magana. Amma akwai suna guda da bakin nan nawa bai taɓa furtawa ba har sama da shekara talatin, shi ne sunan ɗana na fari. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu, dangin mijina kuwa, Fulanin Yola, sun ma fi mu tsanani. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In zan yi masa magana sai in ce "kai", in ina ba da labarinsa in ce "wancan". Ina son sa kamar raina, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Katanga ɗaya ce ta raba mu da wasu Indiyawa, mutanen Punjab. Mijin injiniya ne, yana gyaran tarakta da injinan casar shinkafa. Ga gemu ga rawani, har baƙi kan rusuna su ce masa "Allah gafarta Malam", shi kuwa ya amsa da fara'arsa. Matarsa muna ce mata Matar Injiniya, ita kuma tana ce mini Adda, wato yaya da Fillanci. Hausarta ta Jimeta ce tsantsa, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta.

Kowace shekara a tsakiyar zafin Afrilu, lokacin da ko kaji ba sa barin inuwa, sukan yi bikin girbin alkama na ƙasarsu. Mu nan ko gajimare babu, su suna murnar alkamar da aka yanka a wata duniya. Injiniya zai kunna kaset na wata ganga mai ƙarar tsiya, ya ɗaga hannuwa sama, kafaɗu na karkarwa, yana tsalle da ƙafa ɗaya. Bangara suke ce mata, rawar maza ce. Farkon ganina na ɗauka kunama ce ta harbe shi. Ta mata kuwa, gidda, ba ta da ganga. Mata ne ke yin da'ira suna tafi, ɗaya ta ja baiti na tsokanar uwar miji ko na kewar gida, sai biyu su faɗa tsakiya su taka, su fito wasu su shiga. Kusan gaɗarmu ta dandali ce, sai dai su har tsofaffi suna yi.

Damuwarta ɗaya, mutum ɗaya ba ya gidda. Sai ta bi mu gida-gida da farantin alawar madara har ta tara matan layinmu, ta koya mana tafin. Baitukanta ba ma jin ko kalma ɗaya, don haka muka riƙa sa namu da Hausa da Fillanci. Ba yabon kai ba, wajen caccakar dangin miji a cikin waƙa ba wadda ta kama ƙafata. Daga bikin alkama abin ya bazu, har ya zama duk suna ko biki a layin sai an rufe ƙofa bayan la'asar mun yi giddarmu. Na taka wa 'ya'yan mutane rawa ba adadi.

Ɗana rabin girmansa a gidan Injiniya ya yi shi. Tare suka taso da ɗansu, daga baya ya koyi gyaran inji a hannun Injiniya har ya buɗe nasa wurin. A can ya ga abin da bai gani a gida ba. Uwa ta kama kan ɗanta, ƙato da gemu, ta sumbaci goshinsa a gaban kowa, ta kira sunansa sau goma kafin a gama cin abinci. Wata rana na kasa haƙuri na ce mata, "Ke dai ba ki da ta-ido. Wannan gardin kike lasa kamar akuya da ɗanta?"

Ta ce, "Adda, kai ma yi. Ba ya ciwo."

Muka yi dariya, na wuce abina.

An sa bikin ɗan nawa a shekarar da Mubi ta faɗa hannun mutanen dajin nan. Gidanmu ya cika da dangin mijina da suka gudo, wasu a ƙafa ta kan duwatsu, har a zaure ana kwana. Taro ya zama abin tsoro, ko masallacin Juma'a sai an lalube mutum kafin ya shiga. Maigidana ya ce ba makaɗi, ba lasifika, ba rumfa a titi. A ɗaura aure, a kawo amarya, shi ke nan. Gaskiyarsa ne, amma raina ya sosu, ko da yake ba ni da bakin faɗa, tunda bikin wancan ne. Matar Injiniya ce ta leƙo ta katanga ta ce, "Namu rawa ba ya son ganga. Hannu kawai. Wa zai hana hannu?"

Washegarin kawo amarya, bayan la'asar, aka rufe ƙofar gida, aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa. Ta shigo cikin riga da wando ruwan ɗorawa, da wani mayafi mai aikin zare da ba ta fito da shi sai babbar rana. Matan layi suka yi da'ira, suka jawo baƙinmu na Mubi. Akwai wata goggon mijina da har ranar ba ta san inda mijinta yake ba, ba a taɓa ganin haƙorinta ba tun zuwanta, sai ga ta tana tafi tana kuskurewa tana dariya. Ni kuwa ina kan tabarma a bakin ɗakina, na ja mayafi, na tsuke fuska kamar bikin maƙwabta ake yi. Haka ya kamaci uwar ɗan fari.

Matar Injiniya ta sha gaya mini cewa a ƙasarsu, ranar aure, cikin waƙa ake kiran dangi ɗaya bayan ɗaya, goggon ango ta shiga, yayar ango ta shiga, kuma gidda ba ta cika sai uwar ango ta taka. Na san da haka, shi ya sa tun da safe na ja mata kunne. Amma da aka gama da goggonni sai na ji ta ja wani baiti da Hausarta: "Uwar ango fito fili, ɗanka ya yi aure." Mata suka amshe. Da'ira ta buɗe ta gefena, ta taho tana tafi, ta miƙo mini hannu biyu.

A lokacin na hango shi. Yana tsaye a bakin zaure cikin farar shadda, ya leƙo da rabin jiki, yana murmushi, ni yake kallo. Ƙafata ta motsa, wallahi ta motsa. Sai na ji idon uwar mijina da na yayyensa a kaina. Na fizge hannuna, na ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ke Matar Injiniya, ki kiyaye ni! Ni zan yi wa wancan rawa? Allah ya sawwaƙe. Ki bari sai na auta."

Aka kwashe da dariya. Uwar mijina ta gyaɗa kai ta ce ashe Bahaushiyar nan ta san kunya, ni kuwa na ji daɗin yabon har cikin raina. Da na sake duban zaure, ba ya nan.

Bai cika shekara da aure ba bam ya tashi a kasuwa a Jimeta. Ya tashi daga aiki ya biya ya sayo wa matarsa kankana, tana da ciki, ita kaɗai take iya ci. Muna tsakar gida muka ji ƙarar, har kwanukan rufi suka amsa. Maigidana ya bi wani asibiti, Injiniya ya bi wani, kuma Injiniya ne ya gano gawarsa, ta tabon ƙunar da salansa ta yi masa a hannu. Ya dawo mana kansa ba rawani, dogon gashinsa fari a warware. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka ban taɓa ganin gashin mutumin nan ba. Da rawanin ya rufe gawar.

A zaman makoki ma kunyar ba ta sake ni ba. Na zauna ido a bushe ina amsa gaisuwa, mata na cewa kai, wannan baiwar Allah akwai dauriya. Matar Injiniya ce ta yi kukan mu biyu. Tana dukan ƙirji tana kiran sunansa, ana cewa ta yi shiru ba kyau, ba ta ji. Duk kiran da ta yi sai in ji kamar an caka mini allura, kuma na yi kishinta, don ita tana da abin kira.

Bayan matarsa ta haihu, wata rana ina gasa mata jiki da tawul, ta ce, "Dada, akwai maganar da na riƙe."

Na ce ta faɗa.

"Ranar bikinmu, shi ya roƙi Matar Injiniya ta kira ki. Ya ce tun yana ƙarami yake jin muryarki ta katanga kina yi wa 'ya'yan mutane waƙa. Yana so ya ga kin yi tasa ko sau ɗaya. Ya ce ya san da wuya ki shiga, amma a gwada."

Na ajiye tawul ɗin, ko takalmi ban sa ba na faɗa gidan Injiniya. Na ce mata, "Don me ba ki gaya mini shi ya aiko ki ba?"

Ta ce, "Ya ce kada na faɗa. Ya ce in kai sani, kunya zai ƙaru."

Gaskiyarsa ne, ya san uwarsa. Na yi mako guda ba na yi mata magana, don ba ni da wani da zan yi fushi da shi. Ba a daɗe ba ɗansu, wanda ya riga ya koma ƙasarsu, ya matsa musu lamba suka tattara suka tafi. Ta bar mini mayafin nan mai aikin zare. Tun daga nan Afrilu kan zo ya wuce, ba abin da ke tashi ta katangar sai ƙarar janareton sababbin 'yan haya.

Bana aka yi bikin autana. Gari ya lafa, an kafa rumfa har titi, an kawo masu kiɗa da lasifika. Amma na ce washegari bayan la'asar a rufe mini ƙofa a yayyafa ruwa. Cikin matan da muka koyi tafin mu huɗu muka rage a layin, muka koya wa 'yan baya abin da ya sawwaƙa. Matar marigayi, wadda ta yi wani auren a Yolde Pate, ta zo, ita ta kira Matar Injiniya a waya ta ɗaga mana ita muna ganin juna. Kanta ya yi fari fat. Tana tafi daga can, tafinta na zuwa a makare, yana bin bayan namu.

Aka kira goggonni, aka kira yayye. Sai muryarta ta fito daga wayar, tana rawa saboda tsufa: "Uwar ango fito fili, ɗanka ya yi aure."

Na yafa mayafinta na shiga. Gwiwoyina sun riga sun lalace, abin da na taka ba za a kira shi rawa ba, amma mata suka rangaɗa guɗa, ana cewa yau uwar auta ta cika alkawari. Na juya ta wajen zaure. Ba kowa a wurin sai tarin takalman mutane. Tafi ya yi ƙarfi, ni kuma na buɗe baki na kira sunansa, sunan wancan, da ƙarfi, har sau uku. Harshena bai saba da shi ba, sai da ya yi tuntuɓe a na farko. Ba wadda ta ji sai mai riƙe da waya, ta cikin wayar kuma ta daina tafi.

Suna ne gajere, ba shi da wuyar faɗa ko kaɗan. Matar Injiniya ta ce mini ba ya ciwo. Da a lokacin da ta faɗa na yi, da gaskiyarta ne.