Jan Keken Usaini

Ranar Asabar ce, saura mako guda babbar Sallah, shekarar da muka shiga aji biyar na firamare. Ruwa ya ɗauke da hantsi, Baba ya tasa mu a gaba, ni da abokin tagwaicina Usaini, muka hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari. Usaini mai sikila ne. Rana ɗaya aka haife mu, amma a lokacin kansa da ƙyar yake kai kafaɗata, kuma tafiyar makaranta ta fara gagararsa saboda ciwon ƙugu. Shi ya sa Baba, wanda lebura ne a gonar gwaji, ya yanke shawarar saya masa keke.

A rumfar Oga Emeka mai kekunan gwanjo, bayan dogon dube-dube, zaɓi ya tsaya a kan biyu. Duka tsofaffi ne na ƙarfe zalla, masu faɗin taya da giya, irin waɗanda aka ce Turawa na hawan dutse da su. Ɗaya shuɗi ne ƙarami, fentinsa duk ya goge. Ɗayan ja ne dogo, sirdinsa ya kai min ƙirji. Usaini ya hau shuɗin, ƙafafunsa suka sauka daram a kan feda, ya zagaya kwatamin da ke gaban rumfar yana dariya. Ban taɓa ganin ya yi gudu da ƙarfin kansa ba sai ranar.

To amma Baba mutum ne da ba ya sayen abu daidai jikin yaro. Takalmanmu sai an cusa tsumma a ciki, rigunan makaranta kuwa Inna kan yi musu kalmasa ninki-ninki, a riƙa warwarewa duk shekara. Maganarsa kullum ita ce, "Gaba ta fi baya yawa." Ya ƙwanƙwasa ƙarfen jan da ɗan makulli, ya kasa kunne, ya ce wannan sai ya ga jikoki. Oga Emeka ya dubi siraran ƙafafun Usaini, ya ce da Hausarsa ta kasuwa babban ya fi ƙarfin yaro, kuma ga alama yaron ma ba mai tsawo ba ne. Fuskar Baba ta canza.

"Ka kawo babban," ya ce. "Yarona zai girma."

Usaini bai yi musu ba, don a gidanmu ba a ja da Baba. Amma har muka sha kwana yana waiwayen shuɗin.

Baba ya yi duk dabarar da ya sani. Ya sauke sirdi har ƙasa, ya ɗaura guntayen katako a feda da roba, duk da haka yatsun Usaini iska suke taɓawa. Sauran yaran unguwa kan zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya su tuƙa a karkace, shi kuwa ƙugunsa ba ya yarda. Ƙarshenta mai walda ya liƙa kariya, wato mazaunin goyo, a baya, ni na zama direba. Da safe in na gama shara da ɗebo ruwa sai in goya shi, mu ratsa gonakin masara, yana riƙe da jakunkunanmu yana ba ni umarni kamar mai mota: taka birki, kauce wa rami, ke Hassana ba ki iya komai ba. A filin makaranta muna 'yar gala-gala, maza na langa, shi yana zaune gindin dalbejiya yana goge sarƙa da tsumma, ba ya barin kowa ya taɓa ƙararrawar. Duk Sallah yakan jingina keken da bangon zaure ya hau ya gwada, Baba ya tsuguna ya auna tazarar da yatsu ya ce saura kaɗan.

Damina ta uku ciwon ya tashi bai sauka ba. Mun kai shi asibiti, ba mu dawo da shi ba.

Na daɗe ina jin haushin Baba, har nakan kauce wa gaishe shi. Sai da na haihu Inna ta gaya min cewa tun kafin zuwanmu Sabon Gari likita ya faɗa masa kada ya sa rai da yawa. Ta ce, "Da ya ɗauki ƙaramin, ai ya yarda ke nan."

Yanzu gonakin masarar nan duk sun zama gidajen haya na ɗalibai, yara kuma a Keke Napep ake kai su makaranta. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Jan keken yana rataye a zaurenmu, katakon na nan a feda, ƙarfen bai ko lanƙwasa ba, kamar yadda Baba ya faɗa. Jikokin sun zo, amma bai bar ko ɗaya ya hau ba. Ni kuwa in na je sayen takalmin 'ya'yana, daidai ƙafa nake ɗauka, maigidana yana min tsiyar ɓarna. Yaron da ke gabana yau shi nake saya wa.