Gadon da Ya Ƙi Hawa Bene

Kawuna kafinta ne. Tun da ciwon gwiwa ya sa shi rufe shago, sai ya dawo ya addabe mu a ƙungiyarmu ta taimakon baƙi. Ƙungiyar ɗaki biyu ce a bayan wani shagon wanki, ɗaya ofis, ɗaya sito inda mutanen unguwa ke jibge kayan da suka gaji da su. Ni nake rubuta sunayen iyalan da yaƙi ya koro, Shugaba, wato shugabar ƙungiyar, tana nema musu ɗaki da makaranta, Kawu kuma yana gyara kujeru masu ƙafa uku.

Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishi mutum goma: ba ya awo da tef. Sau biyu ina saya masa. Ɗaya ya ɗaure ƙofar sito da shi, ɗaya jikarsa take tsallen igiya da shi. Shi da ido ɗaya a rufe yake awo, in na yi magana ya ce, "'Yar nan, ina wannan sana'a tun uwarki tana rarrafe."

Akwai wata mata da mijinta ya rasu a hanya, ta iso da yara uku da surukarta, tsohuwar da kowa ke kira Kaka. Mun samar musu ɗaki a saman bene, wata uku suna kwana a kan kwali, har bayan Kaka ya ƙage. A makon da wani ya ba mu ƙaton gadon katako da katifarsa, a makon ne mai gidan ya aiko cewa yaran sun cika tsalle-tsalle, ranar Asabar zai kawo musu takardar tashi. Shugaba ta roƙe shi har muryarta ta dushe, ya ƙi. In suka tashi, makarantar yaran ma ta tafi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi muka kai gadon, ni da Kawu da direban ƙungiya. Matakalar gidan siririya ce, ga kwana a tsakiya. Kawu ya rufe ido ɗaya ya ce, "Zai wuce."

"Kawu, don Allah mu kwance ƙafafun tukuna."

"Idona ne ko naki?"

Muna cikin haka sai ga mai gidan, mutum mai tumbi, da ambulan a hannu. Ya amsa gaisuwarmu da hanci, ya haye sama. Yana ɓacewa Kawu ya ce wa direba, "Ɗauka!" Suka kinkimi gadon, suna kaiwa kwana ya cije. Ba gaba, ba baya. Na ji kamar in shaƙe Kawu.

A sama kuwa, mai gidan ya miƙa wa matar takarda. Ita ba ta jin harshensa, ba ta kuma karatu, sai ta karɓa da hannu biyu tana ta godiya. Ya juyo zai sauka, ya tarar da gado ya toshe hanya.

"Malam, cire mini wannan abin!"

Kawu ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, sai da sufana za a kwance ƙafafun. Na baro ta a sito."

Direba ya tafi ya kawo. Kawu ya duba ya ce ta yi ƙanƙanta. Direba ya koma ya kawo wata, Kawu ya ce wannan ai ta taya ce. Mai gidan ya gwada tsallakowa, tumbi ya ce bai san zance ba. Daga ƙarshe Kaka ta ja shi da hannun riga, ta kife bokiti ta shimfiɗa zane a kai ta zaunar da shi, aka ba shi shayi a kofinsu guda ɗaya tal. Ina ƙarƙashin gadon ina leƙe ta ƙofar ɗakin, na ga yana kallon kwalayen nan da aka jera a jikin bango.

Sai uwar ta tuna tana da mai ilimi a gida. Ta kira babbar 'yarta mai shekara takwas, ta ba ta takardar don baƙo ya ga yadda makaranta ta karɓe ta. Yarinyar ta tsaya ƙyam a gabansa, ta ɗora yatsa a kan layi, tana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ba ta san me take faɗa ba.

"A-na... u-mar-tar-ku... da... ku..."

Uwar tana murmushi, Kaka tana tafi. Ni kuwa hawaye suka cika mini ido.

Mai gidan ya fizge takardar ya cusa a aljihu. "Ba taku ba ce," in ji shi. "Kuskure na yi. Amma kin iya karatu, yarinya."

Nan take Kawu ya zura hannu a aljihunsa ya zaro sufana, daidai da ƙusoshin. Minti biyar, ƙafafu huɗu suka fita. Mai gidan ya kalli sufanar, ya kalli Kawu, Kawu ya kalli silin. Sai ma shi mai gidan ya kama kan gadon aka shigar da shi ɗaki.

Da aka gama haɗawa, Kaka ta zauna a bakin katifa ta danna ta da hannu, ta kishingiɗa wai ta gwada. Kafin Kawu ya tattara kayan aikinsa, barci ya kwashe ta da tsakar rana, takalmi a ƙafa. Direba ya buɗe baki zai yi dariya, mai gidan ya harare shi, ya tuɓe nasa takalman ya riƙe a hannu, ya sa mu duka muka sauka da sanɗa.